Giyar ganga ko ta kiraf: ka fara da ganga

Ƙanena, ka tambaya wane bikin giya za ka je, na giyar ganga ko na kiraf, wato giyar zamani ta ƙananan kamfanoni. Tunda tikitin biki ɗaya aljihu zai iya ɗauka, ka sayi na giyar ganga, ka bar na 'yan kiraf sai wani jiƙon. 'Yan'uwa Musulmi da ke zauren nan ku yi haƙuri ku tsallake, amsa ce ga ɗanmu da ya sauka Ingila daga Jos.

Giyar ganga, wadda za ka ji suna ce wa kask, ba a kamfani ake gama ta ba. Ba a tace ta, ba a gasa ta don kashe yis, da ranta ake ɗura ta a ganga, sai ta je ɗakin ƙasa na mashaya ta ƙarasa nuna. Mai mashaya ne zai kwantar da gangar, ya huda ta, ya jira tsakin ya kwanta, sannan ya haɗa ta da famfo. Babu wanda ya tura mata gas, 'yar kumfar da ke ciki aikin yis ce. Famfon ma na hannu ne, doguwar mariƙa ce ake ja ana saki har kofi ya cika. Sanyinta tsakanin digiri 11 da 13. Kai da ka saba da kwalba mai raɓa daga firiza, kurɓin farko za ka rantse cutar ka aka yi: ba sanyi, ba ƙarfin gas. Daure zuwa rabin kofi. Duk wanda ya taɓa zama gidan burukutu a Filato ya san irin wannan abin sha, mai rai ne, na yau daban da na jibi, kuma hannun mai kula da shi ne ke gyara shi ko ya ɓata shi.

Ni a wani ƙaramin gari a Yorkshire na gane ta. Na tashi aiki da yamma, ruwa ya hana ni jiran bas, na shige mashayar da ke bakin titi. Wata dattijuwa ce a bayan kanta. Da ta ga ina kallon famfunan kamar baƙon kasuwa, sai ta ɗan zuba min kaɗan-kaɗan a ƙananan kofuna, ba ta karɓi ko sisi ba. Na nuna Landlord ta kamfanin Timothy Taylor, wanda ke Keighley tun 1858. Ta ja kofi ɗaya, ta ɗaga shi saitin fitila, ta shinshina, ta zubar a magudana, ta ce wannan ya kwana a bututu. Na biyun ta ajiye min a kan kanta, ta hana ni taɓawa sai da gajimaren da ke ciki ya hau sama, ƙasan ya washe ya zama ruwan zuma tangaran, kumfa mai kauri ta zauna a baki. Ɗanɗanon gasasshen sha'ir da farko, ɗaci mai tsabta daga baya, ba ya maƙale a maƙogwaro. Ƙarfinta kashi 4.3 cikin 100 ne kawai. Na zauna har ruwa ya ɗauke, wani tsoho yana ba ni labarin masaƙun ulu da aka rufe a garin, na tashi da ƙafafuna garau.

Ta kiraf kuwa, na taɓa sayen tikitin bikinta a wani tsohon sito a Landan, kuɗin shiga kaɗai ya kusa cefanen mako, na yini a tsaye a layi ana ɗiga min abin da bai kai kurɓa uku ba. Ba zan ce ba ta da daɗi ba. A tulun ƙarfe mai gas take zuwa, da sanyi sosai, an cika ta da furen hof, mai ba giya ɗaci da ƙamshi, na Amurka irin su Citra da Mosaic, shi ya sa take ƙamshin mangwaro da ɓawon lemo. Kuma ba ta da saurin lalacewa, abin da ka sha yau shi za ka sha wani makon. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Inda take kayar da baƙo shi ne ƙarfi. Yawancin IPA ɗinsu, wato giya mai yawan hof, daga kashi 5 zuwa 7 suke, masu ninki kuma 8 zuwa sama, ga ƙamshin 'ya'yan itace yana rufe maka ido. Fayint ɗin Ingila mililita 568 ne. Fayint ɗaya na mai kashi 4 awo 2.3 ne na barasa a lissafin hukumar lafiyarsu, na mai kashi 6.5 kuwa ya kai 3.7, alhali shawararsu kada mutum ya wuce awo 14 a mako gaba ɗaya. Ka yi lissafin da kanka. A bikin da za ka ɗanɗana iri-iri, giyar da ke tsakanin kashi 3.5 da 4.5 ita ce za ta bar ka ka gane abin da kake sha har yamma.

Bikin da nake nufi irin na ƙungiyar CAMRA ne, wato Campaign for Real Ale, wadda aka kafa a 1971 lokacin da manyan kamfanoni suka kusa shafe giyar ganga da tasu ta gas. Babban bikinsu na ƙasa ya fara a 1977 a Alexandra Palace, amma ni na garuruwa na fi so. Na Kambirij tun 1974 ake yin sa, yanzu a watan Mayu, cikin manyan rumfuna a filin Jesus Green, ga teburin cuku da burodi da mutane ke bin layinsa kamar yadda suke bin na giyar. Na Peterborough a watan Agusta ne, a bakin kogi. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: ka biya a ƙofa, ka ajiye kuɗin kofi, in ka mayar a ba ka abinka, in ka so ka tafi da shi gida. Nawa yana nan a kicin, yana da zane uku a jiki, na kashi ɗaya bisa uku, na rabi, da na cikakken fayint, kuma an yi shi da girma don kumfa ta samu wuri a saman zanen. Gangunan a jere suke a kan katako, hawa-hawa, da yawansu kai tsaye ake tsiyaya daga bakin ganga. Masu zubawa 'yan sa kai ne, ba albashi suke nema ba, in ka tambaye su sai ka gaji da bayani. Ka riƙa karɓar ɗaya bisa uku. Fara da mara ƙarfi mai haske, ka gangara zuwa baƙaƙen irin su mild da porter, ka ci abinci a tsakani. Kuma ka je ranar farko ko ta biyu, don ranar ƙarshe masu kyan duk sun ƙare.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka inda ake cutar sabon zuwa, kuma a ɓangaren da nake yabo abin ya fi muni. Ƙaramar ganga da aka fi amfani da ita galan 9 take ci, fayint 72. Da zarar an huda ta iska ta shiga, kwana 3 ne take da su, in an yi sa'a 4. Ke nan kowane famfo sai ya sayar da kusan fayint 24 a rana. To in ka shiga mashaya ka ga famfo 10 a jere, mutum biyu da kare a zaune ranar Talata, ka san akwai tsohuwar giya a wurin. Mai gaskiya zai juya tambarin famfon ya daina sayarwa. Marar gaskiya zai zuba maka mai tsamin ruwan kal, in ka yi magana ya ce ai haka ɗanɗanonta yake, musamman in ya ji harshenka ya gane baƙo ne. Ƙarya ne. In tana warin tsami ko jiƙaƙƙen kwali, ka mayar tun kurɓin farko, kada ka sha rabi sannan ka kai ƙara. Ka nemi ɗanɗano kafin ka biya, al'adarsu ce, ba roƙo ba ne. Alamar Cask Marque a ƙofa tana taimakawa, masu bincike ne ke zuwa su auna sanyi da tsabta, amma cikar mutane a ɗakin ta fi min kowace alama.

Sai ƙwange. In kumfa ta ci yatsa biyu, ka tura kofin ka ce a cika, ba wanda zai ga baƙinka. Akwai kuma masu sayar da giyar tulun gas ta famfo mai kama da na hannu, ka tambaya kai tsaye ko daga ganga mai rai take.

'Yan kiraf ma suna da nasu. Tambari mai zanen ƙwarangwal da launi bakwai ba ya nufin wasu samari ne ke dafawa a gareji. Cikin kamfanonin kiraf, Camden Town ta koma hannun katafaren kamfanin giya AB InBev tun 2015, Beavertown kuma Heineken ta gama mallake ta a 2022. Ba laifi ba ne, a fili aka yi cinikin, amma ka san wa kake biya kuɗin tsada. Ka kuma duba allon farashi da kyau, sau da yawa kuɗin da ka gani na biyu bisa ukun fayint ne, ba cikakke ba.

Tikiti ka saya a shafin masu bikin, kada ka karɓa a hannun wani a Facebook. Ka tafi da fasfo ko lasisi, don ko ka wuce 18 za su iya tambaya in fuskarka ta nuna ƙuruciya. Motar nan da ka sayo ka bar ta a gida, ka hau jirgin ƙasa, ka kuma duba lokacin na ƙarshe kafin ka karɓi kofin farko. In na Kambirij ka zaɓa, ka yi min magana tun da wuri mu haɗu a tasha.