Polietilin da Polistirin a Gaban Wuta

Duk roba ne, amma wuta ce ke raba su. A cikin polietilin mai tauri, irin na jarka, yawancin zaruruwan da suka haɗu suka zama robar, waɗanda ido ba ya iya gani, sun ninku sun jeru reras. Jerin ba ya warwarewa sai zafi ya kai wajen digiri 130 na Salshiyos, kuma a nan robar ke shanye zafi mai yawa alhali ma'aunin zafi da ƙyar yake motsi, tamkar ƙanƙara na narkewa. Polistirin kuwa, irin na kofunan da ake sha a yar, zaruruwansa a hargitse suke; daga wajen digiri 100 yake ta yin laushi sannu a hankali. Abin da ya fi burge ni, zafin da polietilin ya sha sai ya amayar da shi wajen daskarewa, ga shi kuma ya fi tsukewa a cikin mazubi.