Wadan da ya gaji ƙira da wanda ya tafi karatun sihiri: wanne za ki ɗauka?

Malama, kin ce a wasan nan na ƙirƙirar labari da jefa dayis mai suna Dungeons & Dragons za ki ƙirƙiri matashin wada (wata ƙabila ce ta gajerun mutane a cikin wasan) ɗan gidan maƙera, kina tambaya ko ya gaji guduma ya zama mayaƙi, ko ya bar gida ya tafi karatun sihiri. Da dokokin bugu na biyar na 2014 zan auna miki su.

Shi mayaƙin hanya a share take. Kowane wada ana ƙara masa maki 2 a juriya, wadan dutse kuma, wanda wani reshe ne na ƙabilar, ya samu wasu 2 a ƙarfi. Dayis ɗin da ake auna ransa da shi mai fuska 10 ne (yawan fuskokin, yawan saran da zai iya jurewa), kowane sulke yana iya sawa, ga gatari ga garkuwa. Idan yau kika fara wasan, ba zai wahalar da ke ba. Sai dai labarinsa kowa ya riga ya sani.

Mai karatun sihirin kuwa da gibi yake farawa. Dayis ɗin ransa mai fuska 6 ne, kuma basira, wadda ita ce jarin masihirci, ba a ƙara wa wada ko maki ɗaya a cikinta, don haka sihirinsa zai ɗan fi na wasu kuskure a farko. Amma dubi abin da ya fito da shi daga gida. Masihirci ba a koya masa sa sulke, shi kuwa wadan dutse ya iya sa mara nauyi da matsakaici, kuma doka ta yarda ya yi sihiri a cikinsa. Sannan idan aka kai wa masihirci sara yana riƙe da wani sihiri mai buƙatar nutsuwa, juriya ce ke hana sihirin suɓucewa, ita ce kuma wada ya fi kowa. Abokansa na fakewa bayan mayaƙa, shi yana tsaye.

Ni masihircin zan ɗauka, saboda labarin. A tsofaffin dokoki na 1978 da 1989 an hana wada zama masihirci gaba ɗaya, sai a bugu na uku, a 2000, aka buɗe ƙofar. Ki sa wannan tsohon ra'ayi a bakin mahaifinsa, wanda ya yi imani kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma yanzu ba mai ja masa zugazugi. Mu da muka san gidajen maƙera ba sai an yi mana bayanin nauyin wannan ba.

Kada dai ki raba yaron da maƙera. Doka ta ba wada gwaninta a kayan aikin ƙira, ko gini, ko haɗa giya, to ki zaɓi ƙira. Kwafe sihirin mataki na ɗaya cikin kundin da masihirci ke tara sihirinsa yana cin zinare 50 da awa 2, don haka ya riƙa gyaran takubba yana biyan kuɗin tawada, hannu duk kanta, alƙalami na masa ƙanƙanta, bangon kundin ma na ƙarfe da ya ƙera da kansa.

Kafin ki cike takardar bayanan yaron, ki tambayi mai jagorantar wasanku ko yana aiki da ƙarin dokokin 2020. Idan yana yi, kina iya mayar da makin ƙarfin nan 2 zuwa basira, gibin ya toshe.