Na je asibitin maƙogwaro kan dishewar murya, ga yadda ta kaya

Tun kafin hunturu muryata ta dishe, ni dai na ɗauka ƙura ce da alli, tunda ajin firamare nake koyarwa kuma kun san yaranmu sai da ɗaga murya. Ba abin da ban sha ba, citta da zuma, kanumfari, lemon tsami a ruwan ɗumi, mai kemis ɗin layinmu ma sau biyu yana haɗa min antibayotik, a banza. Har wata ƙawata ta fara cewa anya ba baki ba ne. Da aka shiga wata na huɗu maigida ya ce a tafi asibiti, muka je wani na kuɗi nan cikin Kano mai sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Bari in fara da abin haushin. An ce mu zo ƙarfe 9, likita bai shigo ba sai bayan azahar, kuɗin kati daban, na ganin likita daban, na kyamara daban, kuma ba wanda ya faɗa mana tun farko sai da muka je wajen biya.

Amma likitan kam ya san aikinsa wallahi. Kafin ya taɓa ni sai da ya yi ta jero tambayoyi, Malama yaushe ta fi dishewa, da safe ko da yamma? Ranar da ba makaranta tana dawowa? Kina ƙwarewa in kina shan ruwa? An taɓa miki tiyata a wuya? Akwai ciwon kunne, ko jini a kaki? Har na fara ƙosawa a raina, ashe kowace tambaya da cutar da yake son cirewa. Ya ce in ja "aaaa" iya numfashina yana duba agogo, ko daƙiƙa 10 ban kai ba na tsaya, wai mai lafiya yakan wuce 15.

Na ce likita ai dishewa duk ɗaya ce, ya yi dariya. Wai wadda ta biyo bayan mura kumburi ne kawai, sati ɗaya zuwa biyu ta tafi da kanta, kuma yawanci ƙwayar bairos ce, antibayotik bai yi mata komai (kuɗina!). Wadda ta fi tsanani da asuba, mutum na ta gyaran murya yana jin kamar abu ya tokare masa a wuya, sau da yawa ruwan ciki mai tsami ne ke hawowa cikin dare, kuma ba lallai a ji ƙwannafi ba. In kuma murya ta koma iska-iska ba ƙarfi, tari ma ba ƙarfi, ga ƙwarewa da ruwa, to ɓari ɗaya na tantanin muryar (wato tantani biyun da ke cikin maƙogwaro masu fitar da murya) ne ya daina motsi, an fi ganinsa bayan tiyatar maƙoƙo saboda jijiyar da ke motsa shi ta bayan wurin take bi. Mai shan sigari kuwa tantanin kan tara ruwa, murya ta yi kauri, mace ta ɗaga waya a ce mata Alhaji.

Sai kyamara. Wata siririyar tiyo ce mai fitila a kai, aka fesa min magani a hanci, ɗaci kamar maɗaci, aka zura ta har maƙogwaro, ba zafi sosai amma hawaye sai da suka zubo. Ya juyo min da allon na ga tantanin guda biyu farare suna buɗewa suna rufewa, kowanne da ɗan ƙullutu daidai inda suke haɗuwa, suna kallon juna. Ya ce kanta ce, irin ta tafin hannun manomi, ciwon malamai da masu talla da kwandastoci, shi ya sa nake tashi da dama-dama zuwa la'asar kuma ba a jina. Da a ce ɓari ɗaya ne kawai ya fito, musamman bayan ihu guda mai ƙarfi, wannan wani tsiro ne daban kuma sau tari sai an cire, nawa kuwa horon murya ne maganinsa da yawan shan ruwa. Har raɗa ya hana ni, wai ita ma wahalar da tantanin take, ni da nake raɗa ina ganin hutar da shi nake.

Inda ya ɗaure fuska shi ne maganar ciwon daji. Duk dishewar da ta wuce sati 3 zuwa 4 a leƙa, balle ga mai shan taba da ya manyanta, ko in ta haɗu da ciwon kunne ɓari ɗaya, ƙullutu a wuya, wahalar haɗiya ko rama. Nan take na tuna kawuna da ya shekara yana magana a shaƙe muna ce masa tsufa ne, na riga na yi wa ɗansa waya.

Mai horon muryar ce matsala, sau ɗaya take zuwa a sati kuma layinta ya cika, sai sati 3 nan gaba aka ba ni. Kafin nan na sayi 'yar lasifikar nan ta ratayawa, yara sai dariya suke wai Malama ta koma mai tallan maganin basir. In za ku je ku tafi da abin karyawa da canji mai ɗan kauri.