Kafin Ka Biya Kuɗin Manhajar Kariya a Ikeja: Kaspersky, ESET, Avast Ko Ta Cikin Windows?

Mai sayen laftof tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, a kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas yakan sha tambaya guda daga mai shago: wace manhajar kariya za a saka maka? Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na Mile 12, Agege da Idi-Araba sukan ce a saka kowace, alhali a cikin na'urar suke ajiye lissafin bashi, da ita kuma suke shiga asusun banki. Irin wannan manhaja tana da izinin leƙa kowane fayil da ke cikin kwamfuta, don haka sanin asalin kamfanin da ya yi ta yana cikin ciniki.

Eugene Kaspersky, ɗan ƙasar Rasha, ya shiga sana'ar yin manhajar kariya ne a 1989, lokacin da wani bairos, wato manhaja mai cutar da kwamfuta, mai suna Cascade ya kama kwamfutarsa, ya zauna ya rubuta abin da zai fitar da shi. A 1997 aka kafa kamfanin Kaspersky a Mosko, ya bunƙasa har masu bincikensa suka yi suna wajen bankaɗo manhajojin leƙen asiri irin su Flame a 2012. Wajen kama bairos ba a raina shi, siyasa ce ta zame masa ƙarfen ƙafa. A 2017 Amurka ta hana hukumomin gwamnatinta amfani da shi, a 2024 kuma ta haramta sayar da shi a ƙasar baki ɗaya, bisa fargabar cewa gwamnatin Rasha na iya tilasta masa miƙa bayanan jama'a, zargin da kamfanin ya sha musantawa. Wannan doka ta Amurka ce, kuma a ganina ba ta hana dillalin tumatir ko na shanu sayensa ba, amma mai hulɗar aiki da kamfanonin Amurka ya tuntuɓe su tukuna.

ESET na birnin Bratislava ne a ƙasar Slovakiya, an kafa shi a 1992, kuma an san manhajarsa NOD32 da rashin nauyi, abin da ya dace da tsohuwar laftof mai saurin gajiya.

Avast, wanda ya faro daga birnin Prag a 1988 ya kuma sayi kamfanin manhajar kariya na AVG a 2016, ya tara jama'a ne da manhajar kyauta. Sai dai an gano yana sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga ta hannun reshensa Jumpshot, ya rufe reshen a 2020, sannan a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa shi biyan dala miliyan 16.5. Yanzu shi da manhajar kariya ta Norton suna ƙarƙashin kamfani guda, Gen Digital. Ta kyautar tana aiki, illa dai tallan "ka biya" ba ya ƙarewa.

Akwai kuma Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows ba tare da ko kwabo ba, kuma ya wadatar wa wanda ba ya sauke manhajojin sata ko cusa filashin kowa. A lura dai cewa Microsoft ya janye tallafin yau da kullum, wato gyare-gyaren tsaro da ya saba turowa, daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma tokumbo da dama a kansa suke.

Kowacce ka zaɓa, kada ka yarda da "na riga na saka maka". Ka sa a shigar da lambar lasisin a gabanka da adireshin imel ɗinka, ka buɗe manhajar ka ga ranar ƙarewarta da yawan na'urorin da ta ɗauka, domin akwai masu raba lamba ɗaya ga mutane da yawa har kamfani ya toshe ta. Kada a haɗa maka manhajar kariya biyu a kwamfuta guda. Idan kuma da katin banki ka biya ta intanet, ka duba ko an kunna sabunta lasisi kai tsaye, domin a shekara ta biyu farashin yakan haura na farko.