Hattara da masu cewa "kwamfutar fitila ta mutu"

Jama'a masu tsofaffin motocin Turai, ga wata damfara da ta ci ni, kada ta ci wani.

Fis ɗin fitilun bayan BMW ɗina ya riƙa ƙonewa, in na sa sabo ba ya kwana biyu. Na kai wa wani mai gyaran waya. Ko but bai buɗe ba, ya jona na'urarsa, ya girgiza kai, ya ce kwamfutar da ke sarrafa fitilu ta mutu, amma Allah ya taimake ni yana da wata ta hannu. Na biya, ya sa, fitilu suka kama.

Bayan mako guda na fara jin ƙaurin roba a cikin mota. Da na buɗe akwatin fis, sai ga kore zaune a gurbin ja. Mai karatu, a irin fis ɗin nan mai ƙafa biyu, launi shi ne lambar ƙarfin wutar da yake iya ɗauka: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wato abin da ya yi kawai shi ne ya cusa mai lamba 30 inda kamfani ya ce 10, don kada ya sake yankewa. Fis kuwa an yi shi ne ya mutu a madadin waya. In ka hana shi mutuwa, wayar ce za ta yi zafi, robarta ta narke, daga nan sai gobara.

Ainihin ciwon bai taka kara ya karya ba. Wata waya ce ta goge a jikin ƙarfe a bayan fitilar hagu, ga soket ɗin ya yi baƙi ƙirin wajen wayar nan mai ruwan ƙasa. A motocin Jamus ita ce mai komawa jikin mota, kuma in ta saki, fitilu sai su haukace: ka kunna sigina, ta burki ta riƙa ƙyaftawa tare da ita. Tsohuwar kwamfutata lafiyarta ƙalau, ina kyautata zaton ya riga ya sayar wa wani da ita.

Duk wanda ya ce muku a canza kwamfuta, ku sa ya fara nuna muku wayar da ya gwada. Ku ɗauki hoton akwatin fis kafin ku bar masa mota, ku gwama da jadawalin da kamfani ya bayar. Kuma in an cire wani abu, ku karɓi kayanku a hannu kafin ku biya.