Launin allon shago a Sakkwato: wanne ne rana ba ta ci?

Duk mai zanen da ka je wurinsa, waya zai buɗe maka ya nuna hotunan alluna masu sheƙi, ya ce ka zaɓa. To, a cikin waya kowane launi ango ne. Abin dubawa shi ne kamannin allon bayan ya sha ranar Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, sannan hunturu ya bi shi da ƙura daga Nuwamba har Fabrairu.

Da ja na fara, kuma da ja na ƙone. Sa'ad da na buɗe shagon zare da maɓalli a wajen Tsohuwar Kasuwa, na sa aka yi mini allo ja wur da rubutu ruwan ɗorawa. Shagon yamma yake kallo, ranar la'asar a kansa take ƙarewa. Kafin shekara ta zagayo jan ya koɗe ya koma ruwan hoda, rubutun kuwa sai ka matso ka ƙanƙance ido. Wani dattijo maƙwabcina ya ɗaga kai wata rana ya ce, "Ɗana, wanga allo naka ciwo yake yi?" Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ne: hasken rana ya fi saurin cin sinadarin ja, musamman a fenti mai araha da tawadar buga bana, wato allon leda da ake bugawa da inji.

Yanzu shuɗi nake amfani da shi, mai duhu irin na rinin baba, da farin rubutu manya-manya. Ko wa ya tambaye ni, shi nake faɗa. Shuɗi yana daɗewa bai koɗe ba, in ma ya fara koɗewa shuɗi dai yake zama, ba ya rikiɗa ya koma wani abu. Ka kuma dubi garin namu: katangu ruwan ƙasa, titi ruwan ƙasa, da hunturu har sama ruwan ƙasa. Shuɗi mai duhu a tsakiyar wannan tsaye yake kamar mai babbar riga a filin idi. Wanda ke bisa kabu-kabu a Titin Ahmadu Bello daƙiƙa biyu gare shi ya karanta sunanka, kuma fari a kan shuɗi yana karantuwa daga nesa. Da dare, ƙwan sola guda ya isa ya fito da rubutun. Ni har ledar da nake ƙulla wa mata kaya da takardar rasit shuɗi na mayar da su, yanzu yaran da ake aikowa "shago mai shuɗi" kawai ake ce musu. Illarsa ɗaya: in ka ɗauki mai haske, za a zaci kai mai POS ne na Moniepoint. Sa a ƙara masa duhu.

Sauran ba su da dogon bayani. Ruwan ɗorawa MTN ta riga ta mallake shi, za ka wuni kana cewa ba ka sayar da kati. Kore yana da albarka, amma tsakanin kemis-kemis, Islamiyyu, Glo da OPay, allonka zai ɓace a taro. Farin allo kwana uku ne da hazo. Baƙi yana shan zafi har fenti ya kumbura ya ɓare. In kuwa ka haɗa kore da fari da ja, ka shirya karɓar baƙi masu neman ofishin jam'iyya.

Sai dai launi komai kyansa, mai fenti na iya kashe shi, kuma nan ne cutar take. Wanda ya yi mini allon farko, ashe gwangwani ɗaya ya sirka da kananzir ya yi wa mutum uku aiki. Akwai masu zuba fenti mai araha a tsohon gwangwanin kamfani mai suna su daddanne murfi. Duba bakin murfin, in ka ga alamar an taɓa ɓanɓare shi ko busasshen fenti a gefe, ajiye. Akwai mai shafa fentin ruwa a kan ƙarfe ya ce na mai ne, damina ɗaya ta wanke shi. Akwai mai tsallake shafin farko na hana tsatsa, wanda ba za ka gani ba sai jan ruwa ya fara zubowa ta ƙarƙashin rubutu. Saboda haka ka sayi fentin da kanka, a buɗe shi gabanka, ka tsaya a yi shafi biyu, na farko ya bushe kafin na biyu.

Masu buga bana su ma sai ka yi hattara. Shuɗin da ka gani a kwamfuta yakan fito da ratsin shunayya a kan leda. Ka ce a buga maka ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ka fita da shi cikin rana ka duba. Ka murza ledar a yatsa, in ta yi laushi kamar ta burodi, iskar farkon damina za ta yaga ta. Kuma kada ka biya cikon kuɗi sai allon ya hau sama, ka tsallaka ɗaya gefen titi ka karanta lambar wayarka ba tare da ka rage ido ba.