VPN ɗin da nake biya, da alkawarin "ba ma ajiye komai"

Manhajar VPN (manhajar da ke ɓoye hanyar da kake bi a intanet) ɗin da nake biyan kuɗinta tana yin aikin da na saye ta dominsa, kuma zan ci gaba da biya. Amma alkawarin nan da suka rubuta da manyan baƙaƙe, cewa ba sa ajiye ko ɗigon bayani kan inda na shiga, ban ɗauke shi tabbas ba. Sunanta zan sakaya, don ba talla ta kawo ni ba, kuma maganar ta shafi kusan dukkansu.

Na san VPN ne a Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter. Wani mai gyaran waya a Sabon Gari ya saka mini ta kyauta, ya ce, "Yallaɓai, da ka kunna wannan ba mai ganin ka." An ɗage takunkumin a Janairun 2022. Ta kyautar nan ba ta daɗe a wayata ba: talla ba ƙaƙƙautawa, batir na zuba, sannan ga ta tana neman izinin ganin lambobin mutanena da wurin da nake. Me ya haɗa ɓoye hanya da lambar ƙanwata? Na goge ta, na koma ta kuɗi.

Maganar mai gyaran wayar rabinta ce gaskiya. In ba ka kunna VPN ba, kamfanin layinka ko mai wifi yana iya ganin sunayen shafukan da kake shiga. In ka kunna, abin da zai gani kawai shi ne ka haɗu da wata sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin VPN, a waje. To amma duk abin da ya ɓace masa, yanzu ta hannun kamfanin VPN yake bi, haɗe da adireshinka na IP na asali, wato lambar da ake gane na'urarka da ita a intanet. Amanar tana nan, hannu kawai ta sauya, daga kamfanin da ke ƙarƙashin hukumar sadarwa ta Najeriya (NCC) zuwa wanda wataƙila rajistarsa tana Panama.

Abin da ake iya gwadawa na gwada. Adireshina yana sauyawa, shafukan gwaji ba su nuna yoyo ba, kuma in haɗin ya katse manhajar tana tsayar da intanet ɗin gaba ɗaya har ta dawo, abu mai amfani ƙwarai a wurin da sabis ke ɗaukewa kamar unguwarmu a Samaru. Abin da ke faruwa a cikin sabar ɗinsu kuwa, babu maɓalli a wayar kowa da zai nuna shi.

Shi ya sa nake duba tarihi, don ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A 2017 kamfanin PureVPN, mai iƙirarin ba ya ajiye bayani, ya miƙa wa hukumar FBI ta Amurka bayanan haɗi da suka taimaka aka kama wani mai muzguna wa wata mata ta intanet. Kamun ya dace, amma ya nuna bayanan suna nan a ajiye. A 2020 masu bincike sun tarar da bayanan masu amfani da wasu manhajojin kyauta guda 7 na Hong Kong, har da UFO VPN, a buɗe a intanet, sama da terabait 1, alhali duka sun ce ba sa ajiyewa. Ita kuwa Onavo, manhajar VPN ta Facebook, da ita kamfanin ya riƙa nazarin manhajojin da mutane ke amfani da su, har aka fitar da ita daga shagon Apple a 2018.

Akwai kuma waɗanda suka ci jarrabawa. A Afrilun 2023 'yan sandan Suwidin sun je ofishin kamfanin VPN na Mullvad a birnin Gothenburg da takardar bincike, suka fita hannu rabbana, domin babu bayanan abokan ciniki da za su ɗauka. A 2017 hukumomin Turkiyya sun ƙwace wata sabar ExpressVPN yayin binciken kisan jakadan Rasha, ba su sami bayanan da suke nema ba. Irin wannan shaidar ta fi mini rahoton masu bincike na waje da kamfanoni ke tinƙaho da shi, ko da yake shi ma yana da amfani: rahoton yana nuna yadda aka tarar da abubuwa ne a makonnin binciken, kuma kamfanin ne ya biya kuɗin aikin.

A zaman yau da kullum akwai ƙananan wahalhalu. Da yamma gudun yana raguwa, manhajar bankina kan ƙi buɗewa sai na kashe ta, kuma biya da dala ba wasa ba ne ga mai samun naira. Inda nake jin daɗinta shi ne wifi na otal ko na shagunan intanet da ke kusa da jami'ar Ahmadu Bello, inda ban san wanda ke riƙe da na'urar ba. Ina roƙon ɗalibai musamman su gane iyakarta: in ka shiga Facebook da sunanka, Facebook ya san kai ne. Layinka na haɗe da NIN, kuma turken sabis ya san unguwar da kake ko da VPN a kunne. Kada wani ya jefa kansa a hatsari bisa tunanin ya ɓace.

Duk da rangwamen shekara 2 da suke ta turo mini, wata-wata nake biya, domin kamfanonin nan suna sauya hannu. Kape Technologies, mai manhajojin VPN na CyberGhost da Private Internet Access, ya sayi ExpressVPN a 2021 kan dala miliyan 936, kuma a shekarar ya sayi kamfanin da ke da vpnMentor, shafin da ke jera "mafi kyawun VPN". Ranar da na ji an sayar da tawa, sai na san sabon mai ita kafin in sake biya.